Wanda Teku Ta Kawo

Adan aka ce mana. Dillalin da ya ɗauke mu a Jidda ya dafa ƙirji ya ce jirgin gishiri ne, zai yi lodi a Bur Sudan, ya sauke a Adan, mu dawo kafin alhazai su fara sauka. Shekarun nan ne kafin babban yaƙi, lokacin da alhazai suka yi ƙaranci, Makka ta bushe. Ni ɗan ga-ruwa ne, garwa biyu a sanda, ina kai wa gidajen Jawawa, alhazan ƙasar Jawa. Da Jawawa suka rage zuwa, garwa ta zauna, ni ma na zauna. Baba Isa maƙwabcinmu ne a unguwar Mansur ta Makka, mutumin Daura, ya haife ni a shekaru. A ƙafa suka zo Makka shi da matarsa Inna Hajara. Shi ya ce mu je mu gwada teku.

A Adan jirgin ya sha ruwa, ba a bar mu mun sauka ba, ba a kuma sauke gishirin ba. Na tambayi shugaban 'yan wuta, wani Basomale, ina muka dosa. Ya ce Yaban. Mu a Makka abin da muka sani da Yaban shi ne yadi mai araha da kofin shayi mai saurin fashewa. Ban san wuri ne da ake zuwa ba. Yanzu Japan ake ce mata.

Aikinmu a can ƙasan jirgi yake. Ka ɗebi kwal da shebur, ka zuba wa wuta, ta cinye, ka ƙara. Ba rana, ba iska. Baba Isa yana da ƙaramin akwatin ƙarfe da ba ya rabuwa da shi. Likkafaninsa ne a ciki, wanda ya wanke da Zamzam ya shanya a Harami. Ya ce shi ya taka duniya ne don ya kwanta a maƙabartar Mu'alla ta Makka. In Allah bai nufa ba, to ko ƙyallen ya bi shi.

Muka wuce Kolombo, muka wuce Singafora. Alƙibla ta koma bayanmu. Mutumin da ya tashi a Daura yana kallon fitowar rana in zai yi salla, sai ga shi yana kallon faɗuwarta. Bai yi ƙorafi ba. Ya dai ce, "Sale, mun zarce."

Da muka isa, jirgin bai matsa gaɓa ba. A nesa ya tsaya, ƙananan jirage suna zuwa suna kwasar gishirin, suna kai wa wata masana'anta da ke bayan tsauni. Aka fito da mu daga wajen wuta aka sa mu lodi. Ana cikin haka tsani ya zame da Baba Isa, ya faɗa ramin kaya. Bayansa ya taɓu, ƙafafunsa suka daina ji. Kyaftin ya ce a kai shi gari wajen likita, ni in bi shi in kula da shi, jirgi zai je wata tashar ya dawo ya ɗauke mu. Bai dawo ba. Na daɗe ina duban bakin teku, daga baya na bari.

Garin ƙarami ne. Tsauni ta gefe uku, teku ta na huɗu. Mutumin Makka ya san zama tsakanin duwatsu, amma waɗannan duwatsun itatuwa ne a kansu har sama, kore shar. Duk shimfiɗaɗɗen filin garin bai kai rabin kwarin Mina ba. Rafi ya sauko daga tsauni ya raba shi biyu. Manoma suna ta sama, sun yanka gangaren dutse hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da shinkafarsa. Masunta suna ta ƙasa, gidajensu na katako a manne da juna, ba ka iya wucewa da garwa biyu a wasu lungunan. Ruwa yana gudu a bakin kowane gida, mai sanyi, ba mai sayarwa. Na duba na ce, nan ɗan ga-ruwa yunwa za ta kashe shi.

Likita ya duba Baba Isa, ya ɗaure shi da katako, ya girgiza kai. Aka ba mu ɗakin da masunta ke ajiye taru, aka shimfiɗa mana tabarma mai kauri. Ɗan sanda ɗaya ne a garin. Kullum da safe zai zo ya leƙa, ya ga muna nan, ya sunkuya, ya tafi. Mutane sun yi ta zuwa kallo. Wata mata ta shafa hannuna ta duba yatsanta. Ban ji haushi ba. Na ga mutanenmu sun yi wa Bature haka.

Ba wanda ke jin maganarmu, sai da aka kawo wata tsohuwa, Fumi. Tana zaune ita kaɗai a ƙarshen gari. Ta yi ƙuruciyarta a Singafora, ta dawo da tsufa. Na lura matan garin suna gaishe ta, amma ba sa zama da ita. Ban tambayi abin da ta yi a can ba. Ta dube mu ta yi magana da yaren da Jawawa ke ciniki da shi. Na amsa. Abin da na tsinta ne a ƙofofin gidaje ina sauke ruwa, bai da yawa, amma ya isa. Ta san Musulmi. Ita ta gaya musu ba ma cin alade, ba ma shan giya, kuma kada a taka inda muke salla.

Daga bakinta na san tsarin garin. Gidaje a ƙulle suke rukuni-rukuni. Kowane rukuni shi ke share layinsa, shi ke yashe magudanar ruwansa, shi ke ɗaukar mamacinsa. Akwai hasumiyar katako a tsakiyar gari da ƙararrawa a kai. In ta kaɗa, ko gobara ko hadari, ba a tambayar gidan wa, kowa fitowa yake. Ko mutumin da gari ya juya wa baya, in ji ta, ana zuwa masa abu biyu, wuta da mutuwa. Mu ma aka sa mu a layi. Yau wannan gida ya kawo shinkafa da kifi, gobe na gaba. Ba a taɓa tsallakewa ba. Ba kuma wanda ya tsaya a gode masa. A ajiye a ƙofa, a sunkuya, a wuce.

Zama ya ishe ni. Na ga matansu suna ɗaukar kaya da sanda a kafaɗa, irin tamu sak. Na karɓi ta wata tsohuwa na kai mata kwandunan kifinta har tudu. Washegari wasu uku suna jirana. Ranar yasar magudana na shiga da shebur. Ba wanda ya ce in shiga, ba wanda ya ce in fita.

Fumi ta ce dā gishiri garin ke dafawa. Su ɗebo ruwan teku su watsa a yashi, su tafasa. Da jirage suka fara kawo gishiri mai araha daga nesa, irin wanda muka kawo, sai tukwanen suka mutu, mutane suka koma kifi da masana'anta. Ta faɗi haka ba da zafi ba. Ta kuma nuna mini wani dogon dutse da aka kafa a gangare, da rubutu a jiki. Zamanin kakarta teku ta taso ta hau gari har wurin. Tun daga nan manoma ba sa gini ƙasa da dutsen. Masunta kuwa suka koma inda suke, don kifi ba ya hawa tudu.

Wata rana da hantsi na jingina Baba Isa a bakin ƙofa ya sha iska. Sai ga jerin mutane da fararen kaya suna hawa tsauni, ana kaɗa ƙaramar ƙararrawa. Can hayaƙi ya tashi daga wani kwari. Ya ce in tambayi tsohuwa me ake dafawa. Na tambaya. Ta faɗa mini. Lokacin da teku ta hau gari ta tone maƙabarta, mutane suka ga iyayensu a cikin gonaki. Ga shi ba fili. Tun daga ranar gari ya yanke, ba a binnewa, ƙonawa ake, a tara ƙashi a tulu.

Na gaya masa yadda ta faɗa. Ya daɗe yana kallon hayaƙin.

"Sale."

"Na'am, Baba."

"Na ciyar da wuta, ya isa. Kada ka ba ta ni."

Na ce to.

Sanyi ya shigo, jikinsa ya yi ta raguwa. Ba ya maganar Daura. Maganar Mansur yake, da ƙosan da Inna Hajara ke soyawa a bakin layi, da yadda take faɗa in ya ɗauki na saye ya ci. Ya rasu da safe, bayan na ba shi ruwa. Na rufe masa ido, na ɗaure haɓa, na juya shi dama. Likita ya zo, ɗan sanda ya zo. Suka ce dokarsu sai gawa ta kwana kafin a taɓa ta.

Kafin azahar na ga ana ajiye itace a ƙofa. Mace ta zo da dami ɗaya, ta sunkuya, ta tafi. Namiji ya zo da nasa. Har manoman sama da ba su saba saukowa ba. Busasshen itace mai kyau, an faskara an ɗaure da igiyar kara. Na ɗauka don sanyi ne, sun ga na zama ni kaɗai. Na yi ta godiya. Na zari biyu na hura, na ɗumama hannuna. Yara suka tsaya suna kallona baki buɗe.

Fumi ta zo ta ga wutar. Ta ce in kashe. Ta ce ba nawa ba ne, nasa ne, da shi za a ƙona gawarsa. Kowane gida dami ɗaya, haka ake wa ɗan gari. Ba a taɓa yi wa baƙo ba. Sun zauna sun ga ya ci shinkafarsu, ni na yashe magudanarsu, sai suka ce a yi masa irin ta gida. Girmamawa ce.

Na kashe wutar. Na ɗauko shebur na zauna a bakin ƙofa, na ɗora shi a cinya. Na ce ta gaya musu na gode, kuma ba mai shiga.

Ba wanda ya yi ƙoƙarin shiga. Suka tsaya nesa suna magana ƙasa-ƙasa. Da la'asar aka ce in zo ɗakin bautarsu, gari zai zauna. Na ce ba na barin gawa. Fumi ta kira mata biyu suka zauna a ƙofar, ta ce ba a sata a nan, balle gawa. Na tafi da shebur ɗina. A bakin ɗakin aka nuna mini in cire takalmi. Na cire. Shebur kuwa ba wanda ya yi magana a kansa.

Na ga zaman sulhu a Makka, ana ɗaga murya, ana rantsuwa, a tashi. Nan ba haka ba ne. Shugaban gari yana gaba, malamin bautarsu mai askakken kai a gefensa, ɗan sanda a gefe, manoma dama, masunta hagu. Mutum zai yi magana a hankali, ya gama, a yi shiru, a ja iska ta haƙori, wani ya ɗauka. Ba wanda ya ce a'a. Fumi ta ce mini a raɗa, a'a ɗin ke nan. Manoma suka ce ba fili, kuma rafin da ake sha daga sama yake saukowa. Ɗan sanda ya ce shi ba ruwansa da wuta ko rami, amma ba a haƙa sai inda hukuma ta sani maƙabarta ce. Malamin ya ce wuta tsarki ce, ba wulaƙanci ba. Na ce a wurinmu wuta makomar wanda aka yi fushi da shi ce, kuma mutumin ya roƙe ni da bakinsa. Aka ja iska ta haƙori. Ba su tashi sai kowa ya yarda, in ji Fumi, ko da za a kai gobe. Gobe kuwa ita ce ranar itace.

Akwai wani tsohon masunci a can baya, Genzo, babban masu taru. Yatsu uku ne a hannunsa na dama. Sai ya tambayi Fumi, ita kuma ta tambaye ni, ta ina mamacin ya shigo garin. Na ce ta jirgi. Ya ce ta tudu ko ta ruwa. Na ce ta ruwa. Ya juya ya tambayi jama'a ko akwai wanda ya san ubansa. Ba kowa. Ya ce to wannan ba na gari ba ne, na teku ne. Wanda teku ta kawo ba a ƙona shi.

Fumi ta warware mini. Masunta suna da nasu wuri a kan wani tsinin dutse da ya shiga ruwa, nesa da rafi. In sun tsinci gawa tana yawo a teku, ba sa wuce ta. Su ɗauko, su binne a can, su kula da kabarin. Tun kafin a fara ƙonawa ake haka, hukuma ma ta san wurin. Manoma suka dubi juna. Ba filinsu ba ne, ba rafinsu ba. Shugaban gari ya sunkuyar da kai.

Amma da sharaɗi. Kafin su ɗauki gawa a ruwa, sai ɗaya ya tambaye ta, in mun kai ka tudu za ka ba mu kifi? Wani ya amsa a madadinta, zan bayar. Ba a tsallake wannan. Genzo ya matso ya durƙusa a gabana, ya yi tambayar. Ni zan amsa wa Baba Isa.

Ni ban yi karatu ba, amma na san mamaci ba ya ba da komai. Na kuma san tarin itacen da ke ƙofa.

Na ce wa Fumi ta gaya masa, arziki na Allah ne. Isa bawa ne, ko yana da rai bai mallaki kifi ba. Ba zan yi ƙarya da bakin mamaci ba. Amma ni ina da hannu biyu, zan ja musu taru har ranar da zan bar garin, in an samu, Allah ne ya bayar.

Na yi magana mai tsawo, a wurina. Fumi ta juya ta faɗi kalma biyu. Genzo ya sa goshi a tabarma. Duk ɗakin aka sunkuya. Aka tashi.

A hanya na tambaye ta me ta ce musu.

"Abin da zai sa a haƙa rami."

"Iya, ba haka na ce ba."

"Kai ka faɗi naka, Ubangijinka ya ji. Ni na faɗi nawa. Ni dama an daɗe da gama lissafina a garin nan."

Na koma wajen gawa.

Da safe mata suka kawo ruwan zafi. Na yi masa wanka ni kaɗai, yadda na ga ana yi. Na buɗe akwatin na fito da likkafanin. Ninkin Inna Hajara ne, har da ɗan turaren da ta sa a ciki. Masunta suka kawo wata ganga ta katako, a zaune suke sa nasu a ciki. Na ce a'a, a kwance. Suka ciro ƙyauren ɗakin taru muka ɗora shi. Su shida suka ɗauka, har da manomi ɗaya.

Ƙasar wurin duwatsu ce. Sun fara haƙa rami zagayayye, na karɓi shebur na ja musu layi dogo. Na tsaya na tuna inda rana ke faɗuwa, na karkata kaɗan dama, yadda Basomalen jirgi ya nuna mana. Muka haƙa, na fafe gefe. Na yi masa salla ni kaɗai, kabbara huɗu. Da na yi sallama na waiga, duk suna tsaye a bayana, tafin hannu a haɗe, ba mai motsi. Na shiga na kwantar da shi a damansa. Gabansa teku ce, bayan tekun ƙasashe, bayan ƙasashen Makka.

Itacen kuwa, kowane gida ya zo ya ɗauki daminsa. Biyun da na ƙona, na hau tsauni na saro na mayar.

Na ja taru duk lokacin sanyin nan. Hannuna ya tsage, ya warke, ya sake tsagewa. Kullum kafin su fita, sai wani ya hau tsinin dutsen ya share kabarin, ya ajiye ƙaramin kofin shinkafa da na giya. Ni kuma in bi baya in zubar da giyar a teku. Sun sani. Ba su hana ni ba, ban hana su ba. Da bazara takardar tafiyata ta fito, ɗan sanda ya raka ni jirgin ƙasa zuwa Kobe. Fumi ba ta zo tasha ba. Ta aiko da dunƙulen shinkafa a ganye. A Kobe na tarar akwai Musulmi, har da wurin binne nasu. Ban sani ba a lokacin, kuma ko na sani, nisa ya fi ƙarfin gawa.

Jirgi uku na canza kafin Jidda. Dillalin nan ban neme shi ba. Na iso Mansur da rana tsaka, na wuce gidanmu, na tsaya a bakin layi inda Inna Hajara ke suya. Ta ga akwatin ƙarfen a hannuna. Ta sauke kaskon, ta goge hannu, ta ce in shigo.

Na faɗa mata duka, tun daga tsani har itace. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta buɗe akwatin ta ga ba komai.

"Da shi ya tafi?"

"Da shi, Inna."

"Fuskarsa fa?"

"Tana kallon nan."

Ta rufe akwatin. Na ce akwai saura. Na gaya mata zancen shinkafa da giya, na ce yanzu ba mai zubarwa, kuma abin yana damuna. Ta juya murfin a hannunta.

Ta ce shinkafa tsuntsaye za su ci, sadaka ce. Giya kuma ba shi ya saya ba, ba shi zai sha ba. Ta ce a Mu'alla ma da ya so, shekara kaɗan ba mai sanin inda kake. Sannan ta tambaye ni ko sun sami kifin.

Na ce sun samu. Har sun rasa kwandon zubawa.

Ta kaɗa kai.

"Ka ji Isa. Yana da rai ko ɗaya bai taɓa kawo mini ba."

Ta tura akwatin ƙarƙashin gado, ta fita ta mayar da kasko kan wuta.